Tutar Casa'in Da Uku

Jama'a, ku da kuka cika min waya da saƙon "Corliss, ya ake ciki, an sa rana?", don Allah ku sassauta min. Ba a sa komai ba. Kwana biyu ke nan ko abincin kirki ban ci ba. In na zauna sai na miƙe, in na miƙe kuma sai in rasa abin da ya tashe ni. Bari dai in zayyana muku yadda aka yi, ku yi min alƙalanci da kanku.

Ga wanda yau ya fara karanta ni, sunana Corliss Whitlow, shekarata ashirin da shida, haifaffiyar garin Tarpley a jihar Mississippi. Shagon ɗinki gare mu, ni da Mama da Baba, daura da ƙofar filin ƙwallon kwalejin garinmu. Duk wata koriyar tuta mai haruffa ruwan zinare da ke rataye a bangon filin nan, daga kan teburinmu ta fita. Wanda nake so kuwa Thaddeus Ealy ne. Yana aiki a ofishin Haɗaka, wato ƙungiyar da ta haɗa kwalejoji tara na yankinmu suke buga ƙwallon Amurka, irin wadda ake jefawa da hannu, a tsakaninsu, kuma shi ne mai kula da tsofaffin takardu. Dogo ne, mai tabarau, mai sanyin magana, irin mutanen nan da ko tambayarsu ƙarfe nawa ka yi sai sun duba agogo sau biyu kafin su faɗa maka. Wannan halin nasa ne ya sa na so shi, kuma shi ne yau ya hana ni sakat.

Ba za ku gane damuwata ba sai kun san shekarar 1993. A gidanmu ba a cewa 1993, "shekarar nan" ake cewa. Babana Lemuel shi ne kyaftin ɗin Tarpley a lokacin. Wasa takwas suka buga a kakar wasan, takwas ɗin nan kaf suka cinye, har da kwalejin Hobbs Ferry da suka lallasa a watan Oktoba. Sai aka zo wasan ƙarshe, na fidda gwani, aka sake haɗa su da Hobbs Ferry ɗin dai. Saura daƙiƙa tara a tashi aka jefo wa Baba ƙwallo, ta taɓa yatsunsa ta faɗi. Shi ke nan. Zobban da ake ba zakaru, kofi, tuta, duk Hobbs Ferry suka kwashe, domin a Haɗakarmu wanda ya ci wasan ƙarshe kaɗai ake kira zakara. Wanda ya yi wata uku yana kan gaba ko sannu ba a yi masa.

Tun ina 'yar mitsitsiya nake jin zancen nan. Kowace Asabar tsofaffin abokan wasan Baba sai sun jera kujeru a ƙofar shago, ana suyar tarwaɗa, ana tsine wa Haɗaka. Kawu Roscoe, wanda gwiwarsa ba ta lanƙwasuwa tun shekarar nan, shi ke buɗe taro:

"Wata uku muna karya ƙashi, yini guda ya cinye mana! Ko ɗan kwanon shan ruwa ba su aiko ba, marasa mutunci!"

Baba ba ya zagi. Shi wasiƙa yake rubutawa. Duk watan Janairu sai ya aika wa Haɗaka takarda a kan a riƙa karrama zakaran kaka daban da zakaran wasan ƙarshe, a kuma waiwayi na baya. Shekara ashirin da wani abu yana yi, ba fashi. Bara da Kawu Purvis ya rasu, wanda ya fi kowa kusa da shi a cikinsu, a bakin kabari Baba ya riƙe hannun matarsa, Mis Ozella, ya ce mata, "Zoben nan sai na kawo miki shi har gida." Ina tsaye a wajen, da kunnena na ji.

To bana sai ga shi Haɗaka ta saurara. Aka ce ranar Juma'ar nan za a yi taro a bainar jama'a, a karanta jerin zakarun kaka na shekarun baya, a amince, kowa ya samu tutarsa da zobensa. Wa aka ɗora wa haɗa tarihin kowace shekara da karanta shi? Thaddeus ɗina.

Ranar Lahadin da ta wuce, bayan an tashi daga coci, ya zo cin abinci gidanmu. Wayyo, ku zo ku ga kwalliya! Kwat shuɗi mai duhu, farar riga, takalmi sai ƙyalli yake, ya je an gyara masa gashi har da tsaga a gefe. Ni kuma na sa doguwar rigata ruwan hoda mai ƙananan maɓallai, wadda Mama ke cewa ta cika kama ni. Tun daga ƙofa na hango wani ɗan abu mai kusurwa huɗu, irin akwatin zoben neman aure, ya turo aljihun kwat ɗinsa.  Na yi kamar ban gani ba, amma sau biyu ina zuba gishiri a shayin ƙanƙara maimakon sukari.

Mama ta cika tebur: soyayyiyar kaza, makaroni da cuku, dafaffen ganye, burodin masara. Thaddeus ko loma uku bai yi ba. Can ya ajiye cokali, ya gyara tabarau.

"Mista Whitlow, yallaɓai, akwai maganar da nake so mu yi, in ba damuwa."

Baba ko ɗago kai bai yi ba, yana ta fama da cinyar kaza.

"Na san maganar. Tun da ka shigo take leƙowa daga aljihunka."

"Lemuel!" in ji Mama.

"Me na ce? Yaro, saurara. Ba ni da matsala da kai. Ka iya gaisuwa, ba ka tuƙin ganganci. Amma ofishin da kake wa aiki sun riƙe min abu shekara talatin da ɗaya. Ka kawo min tutata ranar Juma'a, ran Lahadi ka dawo da ɗan akwatinka mu yi magana."

Dariya aka yi, har da ni. Thaddeus ya ce, "To, yallaɓai," ya share gumi. A raina na ce, kwana bakwai ne kacal, ai kamar yau ne. Washegari ma na yanko koren yadi na shimfiɗa, na fara ɗinka lambobin 1993 na tutar. Kamfanin zobe kuma ya aiko da wasu zobban ƙarfe a jere a jikin waya, na gwada faɗin yatsa, Baba ya rataya su a wuya yana bin abokansa gida-gida.

Laraba da hantsi ina kan keken ɗinki, na gama ɗaya da tara, wayata ta yi ƙara.

"Kina ke kaɗai?"

Na rubuta, "Eh. Ka yi kewata ne?" har da 'yar fuskar nan mai kashe ido.

"Corliss, zan turo miki abu. Ki zauna tukuna."

Ku ji fa. Mutumin da ba ya tura saƙo sai ya sa "masoyiyata" a gaba, yau Corliss tsurarta. Hoto biyu suka shigo. Na farko wani akwatin katako ne a ɗakin ajiya, an buɗe murfinsa, a ciki ga kofin azurfa kwance a cikin tsummoki. Na buɗa hoton da yatsu biyu. An zana a jikinsa: Zakarun Kaka, Tarpley, 1993.

Ihu na kusa yi don murna. Ashe akwai kofi! Sai na buɗe hoto na biyu.

Wasiƙa ce da aka buga da keken rubutu, takardar har ta yi ja. Layi biyar ne kawai. Ta ce 'yan wasan Tarpley sun zauna, sun kaɗa ƙuri'a, bakinsu ya zo ɗaya a kan ba sa son kofin lallashi, don haka ga shi nan sun mayar, kada a sake aiko musu. A ƙasa an sa hannu, Lemuel Whitlow, kyaftin. Hannun Baba ne. Yadda yake jan wutsiyar harafin farko na sunansa, ko a mafarki na gani zan gane.

Saƙo na uku ya shigo: "Daga wannan wasiƙar ce Haɗaka ta soke ba da kofin kaka gaba ɗaya. Yana cikin rahoton zamansu na shekarar. Wannan ne na farko da suka taɓa yi, shi ne kuma na ƙarshe."

 Wace ƙuri'a? Wane zama? Shekara nawa ina jin Kawu Roscoe yana cewa ko kwanon shan ruwa ba a aiko ba, Baba yana zaune a gefensa yana juya kifi a mai, bai taɓa cewa uffan ba!

Na yi bayan shago da gudu. Mama tana guga, da tabaranta a kan hanci da ɗankwalin nan nata mai furanni. Na miƙa mata wayar. Na zaci za ta dafe ƙirji. Ina! Kallo ɗaya ta yi wa hoton, ta kife dutsen guga a tsaye, ta je ta turo ƙofa.

"Ashe ba su yar da ita ba," ta ce.

"Mama! Kin sani?"

"Rage murya. Ni na buga ta, a keken rubutun ofishin cocinmu. Lokacin ko aure ba mu yi ba."

"Ƙuri'ar fa?"

"Wace ƙuri'a, Corliss? Kocinsu, mai horar da su, shi ne ya kira shi, ya ce ga kofi an aiko, je ka shawarci yara. Ubanki kuwa sati biyu ke nan bai fita daga ɗaki ba, ko abinci sai na yi da gaske yake ci. Shekararsa ashirin da biyu. Gani yake duk wanda ya kalli kofin nan, ƙwallon da ta faɗi daga hannunsa zai tuna. Ya ce in buga, na buga. Ya gaya wa koci yara sun ƙi. Kocin ya rasu da maganar a cikinsa."

"Shi ya sa yake ta rubuta musu wasiƙa duk shekara?"

"To da me kike so ya yi? Ya tsaya gaban Purvis ya ce ni na hana ka?" Ta kama hannuna ta matse. "Saurara, 'yar nan. Yaron nan yana son ki. Takarda ce ƙwaya ɗaya a cikin dubu. Takarda ɓata take yi, ruwa na cin ta, ɓera na cin ta. Ki yi masa magana."

"Mama, ki ce ya yi ƙarya?"

"Cewa na yi ki yi masa magana. In aka karanta wannan abu gaban Roscoe da Ozella, ubanki ba zai ƙara zama a ƙofar shagon nan ba. Kuma kina ganin zai ɗauki 'yarsa ya ba wanda ya tsaya gaban jama'a ya tona shi? Ki yi tunani."

Kada ku zage ni, jama'a, amma na kira shi. Na shiga mota, na rufe gilashi, na kira.

"Thaddeus, wa ya gani ban da kai?"

"Kofin, shugabata ta gani. Ita ta ce a fito da shi ran Juma'a a miƙa musu. Wasiƙar kuwa ni kaɗai ne."

"To ka bar ta a kai kaɗai."

 

"Corliss, kofi ne da shekara a jikinsa. Mutum na farko da zai ɗaga hannu cewa zai yi, me ya sa yake ɗakin ajiyarku shekara talatin? In ce me? In ce Haɗaka ce ta ɓoye?"

"Ka ce ba ka sani ba!"

"Amma na sani."

"Kai dai ka fi son takardunka a kaina, shi ke nan!"

"Ba haka ba ne, masoyiyata. Da na fi son su ai ba zan turo miki ba, aikina na sa a haɗari da na yi hakan. So nake ya ji daga bakinki kafin ya ji daga nawa."

"Sannu, mai gaskiya! To ka riƙe ɗan akwatinka, ka aura wa kabad ɗin ofishinku!"

Na kashe. Na kifa kai a sitiyari na yi kuka mai isata. Haushinsa nake ji, haushin Mama, haushin Baba, kuma can ƙasan raina na san da ya ce min "to, zan yaga," da wani abu ya ragu a yadda nake ganinsa. Ya turo saƙo har huɗu. Na ƙarshen cewa ya yi, "Ina nan. Ko me kika yanke, ina nan." Ban ba shi amsa ba, amma sau goma na karanta.

Yau Alhamis. Tun safe nake kan tutar, na ɗinka tara ta biyu na farke, na sake ɗinkawa na sake farkewa. Mama sai zirga-zirga take tana harara ta ta saman tabarau. Da la'asar ta tafi gwajin waƙa a coci. Ko minti goma ba a yi ba Baba ya shigo yana fito, da tsohuwar koriyar rigarsa mai lamba tamanin da ɗaya wadda yanzu da ƙyar take rufe masa ciki, zobban gwajin nan suna ƙara a wuyansa.

"Ina ukun? Ke fa gobe ne! Kin san Roscoe zobe lamba goma sha huɗu yake sawa? Wannan ai ba yatsa ba ne, taɓarya ce." Ya yi dariya shi kaɗai. "Ozella ma tana hanya. Za ta kawo zoben auren Purvis mu gwada, a yi nasa daidai da hannunsa."

Nan ne na kasa. Na tsayar da keke.

"Baba, zauna."

"Lafiya? Yaron nan ne ya ɓata miki rai? In je in same shi?"

Na miƙa masa wayar. Ya laluba aljihu ya sa tabarau. Hoton kofin ya fara gani. Ya daɗe yana kallo, har ya kai ɗan yatsa ya shafa gilashin wayar. Sannan ya ja zuwa na biyun. Ban ga ya karanta ba, ina jin ya haddace ta. Sai ya nemi kujera ya zauna a hankali, ya cire zobban daga wuyansa ya ɗora a kan koren yadin.

"Sau ɗaya na taɓa ganinsa," ya ce. "Ko ɗaga shi ban yi ba."

"Baba, me ya sa ba ka taɓa faɗa musu ba?"

"Na yi niyya. Da aka haife ki na yi niyya. Da aka yi wa Roscoe aiki a gwiwa na yi niyya. Da Purvis yana asibiti na je takanas don in faɗa masa, na zauna, na buɗe baki, sai ya ce min, Lem, kada ka bar su su ci bulus. Na ce to." Ya cire tabarau ya murza idanu. "Uwarki ta ce ki sa yaron ya ɓatar da ita, ko?"

Na sunkuyar da kai.

"Kin faɗa masa?"

"Na faɗa."

"Ya ce me?"

"Ya ƙi."

Baba ya yi wani ɗan sauti, ban san ko dariya ba ce ko me. "Kira min shi."

Na danna, na sa a lasifika. Ko ƙara ɗaya ba ta gama ba ya ɗauka.

"Masoyiyata, don Allah ki..."

"Ba masoyiyarka ba ce, ubanta ne."

Na ji wani abu ya faɗi a can, ina jin kofin shayinsa ne. "Yallaɓai! Barka da yamma, yallaɓai."

"Takardar nan, gobe ba kai za ka karanta ta ba."

"Mista Whitlow, ka gafarce ni, amma ba zan iya cire..."

"Wa ya ce ka cire? Ni na sa mata hannu, ni zan karanta. In ka zo kan shekarar, ka kira sunana ka miƙo min. Ka ji?"

"Na ji, yallaɓai."  "Maganar Lahadi fa?"

 Baba ya kalle ni, idanunsa jawur.

"Yaro, cewa na yi ka kawo min tutata, ashe ni na jefar da ita. Ba ka da laifi. Amma mutanen da nake so su tsaya a bayana ranar auren 'yata, su ne zan tsaya a gabansu gobe. Ka bari in ga ko zan fito daga ɗakin nan da sauran fuskar da zan ba da 'ya. In na fito da ita, ka zo. In ban fito da ita ba, ban san me zan ce maka ba."

Ya kashe da kansa. Na buɗe baki zan yi magana ke nan sai muka ji tsayuwar mota a waje. Ta taga na hango Mis Ozella tana fitowa daga tsohuwar farar motarta, da hular cocinta mai fure, ta rungume jaka a ƙirji. Ta turo ƙofa, 'yar ƙararrawar shago ta kaɗa. Fuskarta cike da fara'a, ta kwance wani farin hankici a kan tebur, a kan tutar da ban gama ba. Zoben Kawu Purvis ne a ciki.

"Ga shi nan, Lemuel," ta ce. "Tun da aka binne shi ban fito da shi ba sai yau. Na je kabarinsa na gaya masa da safe, na ce abokinka ya cika alkawari."

Baba ya miƙe tsaye, ya dafa tebur da hannu biyu.

"Corliss, juya allon ƙofa, ki ce mun rufe," ya ce. "Ozella, ajiye jakar ki zauna. Ba zan bari ki ji wannan a cikin taro ba."